Sojan Ganin Dama ko Sojan Dole: Wanne Ya Dace da Najeriya?

Duk lokacin da 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, ko aka kai hari wani sansanin soja a Borno, sai maganar ta sake tasowa a rediyo da majalisun hira: me zai hana a tilasta wa kowane matashi shiga soja, ko da na shekara ɗaya ne, kamar yadda Isra'ila da Koriya ta Kudu suke yi? Masu wannan ra'ayi ba da wasa suke ba, kuma dokar ƙasa ba ta rufe musu ƙofa ba. Sashe na 220 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa tarayya nauyin tanadar kayan aiki idan Majalisar Dokoki ta Tarayya ta kafa dokar horon soja ko aikin soja na dole. Sashe na 34, wanda ya haramta sa ɗan ƙasa aikin tilas, ya cire irin wannan aiki daga haramcin. Abin da ya rage kawai majalisa ta yi dokar. Saboda haka gara a auna tsarin biyu da natsuwa, tun kafin wani ya kawo ƙudiri cikin zafin rai bayan wani mummunan hari.

Abin da ake yi yanzu shi ne ganin dama. Rundunar sojan ƙasa tana buɗe shafinta na intanet, ana cike takarda kyauta, ba a biyan ko sisi. Wanda ba shi da sana'a sai ya kasance tsakanin shekara 18 da 22, mai sana'a kamar direba ko makaniki ko ma'aikacin jinya ana ɗaga masa zuwa 26. Tsawon namiji kada ya gaza mita 1.68, na mace 1.65. Ana neman sakamakon sakandare, lambar NIN, takardar haihuwa, da shaidar asalin ƙaramar hukuma. Wanda sunansa ya fito sai ya je tantancewa a jiharsa ta asali, in ya tsallake a kai shi Defo, kamar na Zariya, wanda yake horar da kurata tun 1924, ya yi kusan wata shida kafin ya fito a matsayin farabiti. Hafsoshi kuwa tasu hanyar daban ce, ta makarantar NDA da aka kafa a Kaduna a 1964, ko ta gajerun kwasa-kwasai ga masu digiri.

Duk wanda ya taɓa leƙa filin tantancewa a Kano ko Bauci ko Sakkwato ya ga amsar rabin tambayar da idonsa. Samari ne sahu-sahu tun asuba, cikin farar singileti da gajeren wando, kowa da fayil ɗinsa a hannu. Ana tsayar da su jikin ma'aunin tsawo, a duba ƙafa da gwiwa da ido da haƙori, a sa su gudu, a sake bin takardu ɗaya bayan ɗaya. Da yamma mafi yawansu gida suke komawa, ba don sun gaza ba, sai don gurbin jihar ya cika. Wasu su dawo baɗi, wasu shekaru su wuce musu. Matsalar Najeriya ba rashin masu son shiga soja ba ce. Rashin inda za a zuba su ne, da wanda zai horar da su, da kuɗin da za a riƙe su. Dokar tilas kuwa maganin rashin mutane ce.

Ƙasar da ta fi nuna amfanin wannan magani ita ce Finlan. Mutanenta ba su kai miliyan shida ba, ga iyakar kilomita 1,340 tsakaninta da Rasha. Ba ta da yawan jama'ar da za ta riƙe babbar runduna a kan albashi, don haka kowane namiji da ya cika 18 sai an kira shi. Ana duba lafiyarsa, a ba shi kwanan watan shiga, ya yi kwana 165 ko 255 ko 347 gwargwadon aikin da aka zaɓa masa. Idan an sallame shi sunansa yana nan a kundi, da rukuninsa, da aikin da ya koya, kuma ana iya kiransa atisayen tunatarwa. Ta haka ƙasar take da sojoji 280,000 da za ta iya tsayarwa idan yaƙi ya tashi, alhali a lokacin zaman lafiya ƙalilan ne suke bariki. Suwizalan ma haka, shi ya sa a ƙuri'ar raba-gardama ta 2013 kashi 73 cikin 100 suka ƙi a soke tsarin. Abin lura a nan: amfanin sojan dole ba ya cikin watannin da yake sanye da kaki. Yana cikin shekarun da suka biyo baya, lokacin da yake gida yana sana'arsa amma gwamnati ta san inda yake da abin da ya iya.

Lissafin da ba a cika yi ba

A ɗauka ana son a tsayar da ƙwararrun sojoji 100,000 a fagen aiki a kowane lokaci. Idan aikin dole na wata goma sha biyu ne, shida daga ciki na horo, to kowane yaro rabin shekara kawai zai yi yana amfani. Ke nan sai an ɗauki 200,000 kowace shekara, an horar, an sallama, an sake daga farko. Idan kuwa sojan ganin dama ne da zai yi shekara goma bayan horo, kurata 10,000 a shekara sun isa a riƙe wannan adadi. Bambancin ninki ashirin ne a yawan gadaje, filin harbi, harsashin koyo, da likitocin da za su duba su.

Mafi wuyar samu a cikin waɗannan duka shi ne mai horarwa. Rukunin kurata talatin zuwa arba'in yana bukatar saje guda da kofur biyu ko uku, waɗanda za su kwana da su su tashi da su. Kurata 200,000, ko da an raba su gida biyu a shekara, suna bukatar kusan masu horarwa dubu goma, kuma ba a sayen saje a kasuwa. Sai ya yi shekaru a aiki kafin ya kai wannan matsayi. Waɗanda suka ƙware ɗin su ne yanzu suke riƙe da bakin daga a Sambisa da gaɓar Tafkin Chadi da dajin Rugu. Duk wanda aka janye zuwa filin fareti, an bar giɓi a inda ya baro. Wannan ne dalilin da ya sa a shekarun farko na dokar tilas ƙarfin runduna raguwa yake yi kafin ya ƙaru, kuma ƙasar da take tsakiyar yaƙi ba ta da wannan sararin.

Sai kuɗi. An saba cewa sojan dole ya fi araha tunda ba albashi ake ba shi ba, alawus ne. Bari a gwada da alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima, naira 77,000 a wata. Mutum 100,000 a shekara ya kama naira biliyan 92.4. A ƙaddara abincin kowanne naira 3,000 ne a rana, an ƙara biliyan 109.5. An haura biliyan ɗari biyu ke nan ba a sayi takalmi ko bindiga ko katifa ba, ba a gina ɗaki ko guda ba. Dubu ɗari kuma ɗan ƙaramin yanki ne na matasan da suke cika shekara 18 a Najeriya, waɗanda sun haura miliyan huɗu kowace shekara, a ƙasar da duk rundunoninta uku a haɗe dubu ɗari biyu ne da 'yan kai. Akwai kuma kuɗin da ba ya shiga kasafi: damina guda da yaro bai yi noma ba, shekarar da ya rasa a wajen koyon walda ko ɗinki, mahaifiyar da shi ne yake cefane mata. Gwamnati ba ta biya wannan ba, iyalinsa ne suka biya.

Irin yaƙin da ake yi ma yana da nasa hukunci. Sojan dole ya fi amfani inda ake tsoron mamaya daga wata ƙasa, ana bukatar mutane masu yawa su tsare iyaka da gadoji da garuruwansu. Yaƙin sunƙuru daban ne. Yana bukatar wanda ya san alamar ƙasar da aka tona aka binne bam, wanda ya san hanyoyin babura a daji lokacin damina da na rani, wanda ya zauna da mutanen gari har suka yarda su tsegunta masa magana. Ba a samun wannan a wata shida, kuma lokacin da yaro ya fara ganewa, ranar sallamarsa ta zo. Faransa ta ga haka a yaƙin tekun Fasha na 1991: Shugaba Mitterrand ya hana a tura sojojin dole, sai da aka yi ta tsinto ƙwararru daga rundunoni daban-daban kafin a haɗa ayarin da aka tura. Shekara biyar bayan nan magajinsa Shugaba Chirac ya sanar da komawa ga sojan sana'a, aka kammala a 2001. Ajantina ta tura yara masu ƙarancin horo tsibiran Falklan a 1982 suka gamu da ƙwararrun Birtaniya, kuma ta soke tsarin a 1994 bayan an kashe wani kurtu a cikin bariki.

Hujja ɗaya ta masu son tilas tana da nauyi, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sojoji da yawa a Najeriya suna tsaye ne a shingayen hanya, ko suna gadin gine-gine da bututun mai, aikin da ba ya bukatar gogewar shekara goma. Da za a sa masu ɗan gajeren horo a wuraren, da an saki ƙwararru sun shiga daji. Gaskiya ne. Sai dai shingen hanya a Birnin Gwari ko Damboa ba wurin hutu ba ne, nan ake fara kai hari da dare. Kuma nan ne soja yake cuɗanya da farar hula kullum, inda rashin tarbiyyar aiki yake zama mari da karɓar na goro da harbin kuskure.

Wa za a kira?

Nan ne tsarin dole ya fi lalacewa, kuma a nan ya kamata talaka ya fi sa ido. Tunda ba ƙasar da take da yawan jama'a irin namu da za ta iya ɗaukar kowa, dole a zaɓa. Da zarar an fara zaɓe, sai ƙofofin fita su buɗe. A yaƙin basasar Amurka, dokar 1863 ta yarda mai hali ya biya dala 300 a ƙyale shi, abin da ya taimaka wajen tayar da tarzomar birnin New York a watan Yuli na shekarar. A lokacin yaƙin Biyetnam ɗaliban jami'a suna samun jinkiri, 'ya'yan ma'aikatan masana'antu suna tafiya, har aka koma jefa ƙuri'a da ranar haihuwa a Disambar 1969, daga baya aka daina kiran gaba ɗaya a 1973. Turkiyya a yau ta halatta biyan kuɗi a yi kusan wata guda a maimakon wata shida. Ba sai an faɗa wa ɗan Najeriya yadda takardar likita da wasiƙar babban mutum za su yi aiki a irin wannan tsari ba.

Ga kuma matsalar kundi. Kafin a kira mutum sai an san yana raye, shekarunsa nawa, ina yake kwana. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Rajistar NIN ta haura mutum miliyan ɗari, amma har yanzu yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa, ga almajiri da makiyayi da ɗan ci-rani da ba su da adireshi tsayayye. Idan wasiƙa ba ta iya samun mutum, abin da hukuma take komawa gare shi shi ne kame: a tare tasha ko kasuwa a kwashi wanda ya faɗo hannu. Haka ake yi a Iritiriya, inda dokar 1995 ta ce wata 18 amma mutane suke shafe shekaru ba sallama, dalilin da ya sa matasanta suke cikin waɗanda suka fi tsere wa ƙasarsu a Afirka. Sudan ta zamanin al-Bashir ta ɗaura shiga jami'a da zuwa sansanin horo, kuma a Afrilun 1998 ɗalibai da dama suka mutu a sansanin Ailafun kusa da Khartum, lokacin da suka nemi ficewa don yin Babbar Salla a gida. Kakanninmu ma sun ɗanɗana. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, ciki har da Nijar, ana yanka wa sarakuna adadin samarin da za su kawo, kuma galibi 'ya'yan bayi da marasa galihu ake miƙawa, wasu kuma su tsallaka iyaka zuwa ɓangaren Ingilishi. A ɓangaren Ingilishin ma an tilasta wa dubban talakawan Arewa haƙar kuza a Jos tsakanin 1942 da 1944.

Sai abin da zai biyo bayan sallama. A Finlan wanda ya gama yana komawa makaranta ko aiki. A nan zai koma unguwar da ba aikin yi, ya iya kwance bindiga ya ɗaura, ya san yadda ake kwanton ɓauna, a ƙasar da makamai suke yawo. Ba cewa ake tsohon soja ɓarawo ne ba, mazan jiya da yawa su ne dattawan unguwanninsu. Amma an ga wahalar abin sau ɗaya: sojan Najeriya ya tashi daga kusan 10,000 kafin yaƙin basasa zuwa kusan 250,000 a 1970, rage su ya ci shekaru, kuma a wannan shekarar ce aka kafa dokar kotunan fashi da makami. Sakin dubu ɗari ko biyu kowace shekara, ba kundi ba bibiya, kasada ce babba.

Inda ganin dama yake ciwo

Shi ma wannan tsari ba tsarkakakke ba ne. Wanda talauci ya koro zuwa layin tantancewa, da wuya a ce ganin damarsa ne zalla. 'Ya'yan manya ba sa cikin kuratan Zariya, kuma al'ummar da masu yanke shawararta ba su da ɗa a bakin daga tana saurin mantawa da waɗanda suke can. Runduna ta sha kokawa cewa wasu jihohi, musamman na kudu maso gabas, ba sa cike gurabensu, alhali sashe na 217 ya ce dole rundunonin su nuna fuskar tarayya. Sojan sana'a kuma yana da tsada ta dogon lokaci: albashi, gidan iyali a bariki, asibiti, garatuti, fansho. Idan aka gaza nan, gogaggu su ajiye aiki, kuma an sha ganin tsofaffin sojoji sun yi zaman dirshan a ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja suna neman haƙƙinsu. A ƙasashe masu arziki kuwa masu nema ne suke ƙaranci. Sojan ƙasa na Amurka ya gaza cike gurbi 15,000 daga 60,000 da ya nema a 2022. Suwidin ta dakatar da kiran dole a 2010, ba ta sami isassun masu shiga ba, ta dawo da shi a 2017. Jamus da ta dakatar a 2011 ta daɗe tana fama da giɓi. Duk waɗannan gaskiya ne, amma a duba: na farkon matsalolin kuɗi ne da riƙon amana, waɗanda dokar tilas za ta ninka su ne, na ƙarshen kuma bai shafe mu ba.

Batun haɗin kan ƙasa da tarbiyya kuwa, an riga an gwada shi ba tare da bindiga ba. Gwamnatin Gowon ta kafa NYSC, shirin yi wa ƙasa hidima, a watan Mayun 1973 saboda wannan manufa, da makonni uku na sansani a hannun sojoji da shekara guda ta hidima. Ta haɗa aure da abota tsakanin Kudu da Arewa, ba a musu. Ta kuma nuna yadda ake nema wa ɗa sauyin jiha idan an tura shi inda iyaye ba sa so. Nijar tana da aikin ƙasa na dole a rubuce, amma a aikace masu digiri hidimar farar hula ta shekara biyu suke yi, da yawansu a azuzuwa, kuma da ta so ƙara ƙarfin soja a 2020 sai ta sa burin ninka rundunar daga 25,000 zuwa 50,000 ta hanyar ɗaukar masu nema, waɗanda ba ta rasa ba.

To wanne za a zaɓa? Ƙasa mai ƙarancin jama'a, mai maƙwabci da zai iya mamaye ta, mai cikakken kundin 'yan ƙasa da kotunan da za su hukunta hafsan da ya zalunci kurtu, tilas ya dace da ita. Najeriya ba ta cika ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da ya dace da ita shi ne ta riƙe ganin dama, ta faɗaɗa wuraren horo, ta biya waɗanda ta ɗauka, sannan ta ɗauko abu guda mai kyau da ke cikin tsarin dole, wato rundunar ajiya, ta masu horo da suke gida suna sana'arsu sai an kira su.

Ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Dakarun jihohi na Amurka suna atisaye ƙarshen mako guda a wata da mako biyu a shekara, suna ci gaba da sana'arsu. Sojan ajiya na Birtaniya a yawancin rukunoni yana ba da kwana 27 a shekara. A nan gida kuma mutanen suna nan, tsarin ne babu: Civilian JTF da suka taso a Maiduguri a 2013, dakarun tsaron al'umma da Katsina ta ƙaddamar a 2023, Askarawan Zamfara na 2024, ga dubban sojojin da suka yi ritaya da sauran ƙarfinsu. Kowane rukuni da nasa gajeren horo, da nasa mai biya, kuma inda aka bar 'yan sa-kai ba linzami an ga yadda ramuwar gayya ta ƙara rura wutar rikici a Zamfara.

Duk ƙudirin da za a kawo, na ajiya ne ko na dole, akwai abubuwan da ya kamata mai zaɓe ya nemi ɗan majalisarsa ya nuna masa a rubuce. Wata nawa ne, kuma wa yake da ikon tsawaitawa, domin ta wannan ƙofa Iritiriya ta shiga. Wa aka ɗauke wa, kuma wane likita ne zai sa hannu. Ko za a iya tura mai horon wata uku bakin daga. Nawa ne diyyar wanda ya mutu ko ya nakasa, kuma cikin wata nawa za a biya iyalinsa. Me aka tanadar wa wanda imaninsa ya hana shi ɗaukar makami, tunda sashe na 34 ya ambace shi. A ina bindigar take kwana bayan atisaye, a ma'ajiyar bariki da lambarta a littafi, ko a ɗakin mutum. Sai kuma ko mai gidan da ɗan ajiya yake wa aiki zai iya korarsa idan an kira shi atisayen mako biyu, domin in dokar ba ta hana ba, masu aikin yi ba za su shiga ba, a bar rundunar ga marasa aiki kaɗai.